WARDI A TSAKAR GIDA: A ZAƁA DA HANCI, BA DA IDO BA

A filin noma na wannan mako za a ɗan jingine maganar gero da dawa da gyaɗa, a yi maganar wani ɗan itace wanda ba a tuwo da shi, ba a kuma kai shi ma'auni. Itacen nan kuwa shi ne wardi. Ba wardin nan mai dogon kara da a ke gani a hotuna ba, a'a, gajeren nan mai tattaruwa wuri guda kamar kifaffen kwando, wanda tsawonsa ba ya wuce ƙugun mutum, wanda in ya buɗe da asuba ƙanshinsa kan gauraye tsakar gida. Ra'ayin filin nan shi ne, duk gidan da ke da fili ko da faɗin tabarma ne, ya cancanci ya sami gindi guda na irin wannan. Amma fa sai an zaɓe shi da hanci, an kuma tanadar masa ruwa da shinge tun kafin a kawo shi gida. Wanda ya tsallake waɗannan abubuwa uku, zubar da kuɗinsa ya yi kurum.

Ba shakka wani manomi zai ce, ina ruwan talaka da fure? Fure ba ya cika ciki, ba ya biyan kuɗin makarantar yara. Maganarsa gaskiya ce, ba kuwa wanda zai ce a rage kadadar hatsi don a dasa wardi. Amma ya kamata mai wannan magana ya leƙa bayan ɗakin matarsa. Da wuya ya rasa gindin lalle ko na ɗoɗɗoya a wurin. Ya kuma leƙa kasuwa ya ga abin da mata ke kashewa a kan kajiji da turaren wuta da humra. Ashe mutanen ƙasar nan ba su taɓa raina ƙanshi ba, suna sayensa da tsada ma. To, in ƙanshi abin saye ne, don me ba zai zama abin shukawa ba?

Har wa yau akwai wani abu. Gidajen birni sai ƙara matsewa su ke yi. Filin da dā a ke ɗaure doki a dasa gwanda, yanzu an yanka shi an yi ɗakunan haya, abin da ya rage an malale shi da siminti. Da bazara simintin nan ya kan ɗauki zafi ya riƙe har bayan lisha. Yaro ya tashi a gidan, bai taɓa ganin yadda reshe ke yin saiwa ba. Babbar bishiya ba ta da wuri a irin wannan gida, don saiwarta za ta fasa bango. Gajeren wardi kuwa fili ƙafa 3 a tsaye ƙafa 3 a kwance ya ishe shi.

WARDI IRI-IRI NE

Alhazai da yawa sun san wardi tun daga Ɗa'ifa, garin nan da ke kan duwatsu gabas da Makka. A can a ke noman wardin da a ke kira na Dimashƙa. A kan tsinke shi da sassafe cikin watannin Maris da Afrilu, a dafa a manyan tukwanen tagulla, a tatsi ruwansa da mansa. Da ruwan wardi gauraye da Zamzam a ke wanke cikin Ka'aba. Irin wardin nan ne kuma a ke nomawa a yankin Kashan na ƙasar Iran, da Isparta ta Turkiyya, da kwarin Kazanlak na Bulgariya. Ba wardin da ya fi shi suna wajen ƙanshi.

Amma a nan ne mutum zai iya yin kuskuren farko. Ɗa'ifa tana bisa teku da kamar ƙafa 6,000, saboda haka tana da sanyi. Wardinta sai ya sha sanyi ya yi barci tukuna ya ke fure sosai, furen kuwa sau ɗaya ne a shekara, na 'yan makonni. Birnin Kano bai wuce ƙafa 1,600 bisa teku ba, zafin watan Afrilu kuwa ya kan kai awo 40. Wanda ya kawo wardin Ɗa'ifa ya dasa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zai fi samun ganye da ƙaya bisa ga fure. Mutanen Jos, da ke kamar ƙafa 4,000, da na tsaunin Mambila, su ne Allah ya hutar. Su suna iya gwada irin na ƙasashen sanyi, har da wani gajere ɗan dangin na Dimashƙa mai suna Rose de Rescht, wanda ya ci sunan garin Rasht na Iran, tsawonsa kamar ƙafa 3, yana kuma maimaita fure.

Kuskure na biyu ya fi yawa. Shi ne na sayen wardi don girman furensa da kyan launinsa. Manyan gonakin wardi na bakin tafkin Naibasha a ƙasar Kenya, da na ƙasar Habasha, suna noma shi ne don a yanka a sa a jirgin sama a kai Turai. Abin da aka nema wajen fitar da irinsa shi ne doguwar sanda miƙaƙƙiya, da fure mai jure tafiya, mai daɗewa a cikin kwalba. Ba ƙanshi aka sa a gaba ba, shi ya sa da yawa daga cikinsu in mutum ya shinshina ba ya jin kome. Ga shi kuma a tudu mai sanyi a ke nomansu, cikin rumfunan leda, da ruwa da taki da magani a kan ƙa'ida. In aka kawo ɗan'uwansu tsakar gidan malamin ofis a Gusau, sai ya yi fure biyu ko uku da ƙarfin da ya zo da shi, daga nan ya soma zubar da ganye. Mai gida ya ce wardi ba ya yi a ƙasar nan. Alhali ba wardi ne ya ƙi ba, zaɓen ne ya ɓaci.

Shaidar cewa wardi mai ƙanshi na iya jure zafi tana ƙasashen Indiya da Pakistan. A filayen Punjab zafin watan Mayu da Yuni ya kan ɗara na Kano, duk da haka ƙananan manoma suna noman wardi kadada-kadada, ana yin sarƙar fure da shi ta biki, ana kuma cuɗa shi da sukari a ci. Iri biyu sun yi suna a can. Na ɗaya Rose Edouard, wanda aka lura da shi a tsibirin Reyuniyon cikin tekun Indiya a shekarar 1817. Shi barbara ne tsakanin wardin Sin mai maimaita fure da wardin Dimashƙa mai ƙanshi, ya kuwa gaji halin iyayensa duka biyu. Na biyu shi ne Gruss an Teplitz, ja wur, wanda aka fitar a Turai a shekarar 1897. Dukansu biyu suna kamawa daga yankan reshe, suna kuma yarda a datse su su tsaya gajeru.

Mai lambun gefen titi ba lalle ne ya san waɗannan sunaye ba, ba kuwa sunan ne abin nema ba, halin ne. Saboda haka mai saye ya yi gwaji huɗu. Na ɗaya, kada ya sayi wardin da bai gan shi da fure ba, ya je da safe ya sa hanci. In sai ya yi ta jan numfashi kafin ya ji wani abu, ya bar shi. Na biyu, ya dubi tsarin itacen: mai rassa da yawa daga gindi, masu gaɓoɓi kusa da kusa, shi ne mai tattaruwa, mai sanda ɗaya doguwa ba na ƙaramin gida ba ne. Na uku, ya tambayi inda aka raine shi. Wanda aka sauko da shi daga Jos makon jiya bai san bazarar Katsina ba tukuna. Na huɗu, wanda ya fi duka, ya nemi gida ko makaranta ko asibiti a garinsu inda wani tsohon gindin wardi ya shekara biyar ko goma yana fure, ya roƙi reshe. Itacen da ya ci bazara goma a garin ya riga ya ci jarrabawa. Gani ya kori ji.

DASHE DA WURIN DASHE

Reshen da za a yanko ya zama mai kaurin fensir, wanda ya gama fure, tsawonsa inci 8 ko 9, mai ido huɗu ko biyar. A yanke shi da wuƙa mai kaifi dab da ƙasan ido, a cire ganyayen ƙasa a bar biyu na sama. A soke kashi biyu cikin uku nasa a tukunya mai huda a gindi, wadda aka cika da yashi gauraye da ƙasa, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa don kada ta bushe, kada kuma ta yi caɓi. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen damina zuwa farkon sanyi. Cikin mako 6 zuwa 8 saiwa kan fito. Kada mutum ya soke ɗaya tak ya zauna jira, ya soke goma, gama ba duka ke kamawa ba. In sun kama da yawa, ga na maƙwabta. Kada kuma ya riƙa tuge shi yana duba ko ya yi saiwa, wannan shi ke kashe rabinsu.

Akwai wata hanya da ba ta cika ɓaci ba. A tanƙwaro reshe mai laushi daga jikin uwar, a ɗan kankare bayansa ta ƙasa, a binne wurin, a danne da dutse, a bar kansa a waje. Yana shan uwa yana yin saiwa, bayan wata biyu ko uku a yanke shi a ɗauke.

Wardin da ya tashi a kan saiwarsa ya fi wa ƙaramin gida amfani bisa ga mai aure. Duk wanda ya san mangwaro mai aure ya san zancen. In akuya ko fari ya cinye saman mai aure, abin da zai toho daga ƙasa ba shi ne aka saya ba, gindin da aka ɗaura shi a kai ne. Mai saiwar kansa kuwa ko an gwaguye shi har ƙasa, shi ɗin ne dai zai komo.

Wajen wuri, littattafan Turai sun ce a sa wardi a rana tun safe har yamma. Wannan shawara ta ƙasarsu ce. A nan sai a nemi inda zai sha ranar hantsi, inuwar bango ta rufe shi daga azahar, watau gabashin ɗaki ko gabashin katanga. A nisanta shi da dalbejiya da mangwaro, don saiwarsu za ta shanye ruwansa. A haƙa rami faɗin ƙafa 2, zurfin ƙafa 2. A ware ƙasar sama, a gauraya ta da takin shanu ko na tumaki wanda ya ruɓe sarai har ya zama baƙi, kashi biyu ƙasa kashi ɗaya taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, busasshe wanda bai ruɓe ba kuwa gara ya ke kira. Kada a zuba toka da yawa, wardi ba ya son ƙasa mai kanwa-kanwa. In wurin laka ne mai riƙe ruwa, a ƙara yashi, a ɗaga gindin ya zama tudu, gama ruwan marka na watan Agusta in ya kwanta a gindinsa kwana biyu uku sai saiwa ta ruɓe.

Ma'aikaci mai zaman haya, wanda ana iya yi masa canjin gari ko yaushe, ba sai ya haƙa ramin da zai bar wa mai gida ba. Rabin duro ko tsohuwar randa mai huda a gindi ta isa. A sa tsakuwa a ƙasa, a cika da irin haɗin nan. Ranar tashi, a ɗora shi a mota tare da gado da tukwane.

RUWA DA AKUYA

Ga inda maganar ta ke da nauyi. A garuruwa da yawa ruwa na saye ne, mai gida kuwa yana da hakki ya tambaya ko daidai ne a zuba wa fure abin da aka saya don girki. Amsa ita ce ba sai an saya masa ba. Gindi guda da ya kafu yana buƙatar kamar garwa ɗaya, watau galan 4 ko lita 18, sau biyu a mako da sanyi, da bazara kuwa sau uku ko huɗu. To, gidan da ke da mutum biyar masu salla, in kowa ya zubar da lita guda a kowace alwala, lita 25 ke nan a yini, ta fi garwa. Ruwan nan kullum bin rariya ya ke ya fita waje ya zama kwatami, sauro ya samu gida. In aka dasa wardin kusa da wurin alwala, aka ja masa 'yar hanya, ya sami abin sha ba a kashe ko kwabo ba. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ma haka. Amma ban da ruwan wanki mai sabulun gari, shi yana lalata ƙasa.

Wata dabara kuma ita ce a binne ƙaramin tulu sabo mai tsattsafo a gefen gindin, a bar bakinsa a waje da murfi. A cika shi, shi kuwa ya riƙa sakin ruwan sannu-sannu a inda saiwa ta ke. A lulluɓe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don rana kada ta shanye laima, amma a janye shi kamar faɗin tafin hannu daga jikin itacen, a kuma riƙa ɗagawa ana duba gara. A zuba ruwa a gindi da safe ko da yamma, ya shiga ƙasa sosai. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum saiwa ya ke koya wa zama a sama, rana ta gasa ta.

Sai babbar abokiyar gaba, watau akuya. Kada kowa ya dogara da ƙaya, akuyar da ke cin bagaruwa ba ta tsoron ƙayar wardi. Aikin shekara guda ta kan gama da shi kafin mai gida ya dawo daga masallaci. Saboda haka shinge kafin dashe, ba bayansa ba. Tsohon kwando marar gindi, ko karan dawa da aka kafa kusa da kusa, ko waya, duk sun isa. Wanda ba zai iya yin shinge ba, gara ya haƙura da wardin, kada ya jawo faɗa tsakaninsa da matar gida mai akuya.

ASKI DA CUTA

Wardi ba ya zama gajere don kansa, sai da aski. Idan damina ta ɗauke, wajen tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a cire busassun rassa da sirara da masu gicciye juna a tsakiya, a rage tsawon sauran da kamar kashi ɗaya cikin uku. A yanka a karkace, kaɗan bisa idon da ke duban waje, don sabon reshe ya buɗe waje, iska ta ratsa tsakiya. A ƙara taki, a ba da ruwa. Manoman wardi na arewacin Indiya ma a watan Oktoba su ke wannan aski, fure kuwa kan biyo baya da kamar kwana 45. Ashe ke nan wardi zai yi adonsa a tsakiyar hunturu, lokacin da daji ya bushe, kome ya yi fari da ƙura. Duk furen da ya tsufa a yanke shi, sabo zai fito. Da bazara furen kan ƙanƙance, kada a damu, a dai raya itacen har ruwa ya sauka.

Da damina wani baƙin ɗigo kan fito a ganye, ganyen ya yi rawaya ya zube. Maganinsa na farko shi ne a tsince waɗanda suka kamu, har da na ƙasa, a ƙone. Da hunturu kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye kan taru a bayan ganye su yi saƙa kamar ta gizo-gizo, ƙura da bushewar iska su ke so. A wanke bayan ganyen da ruwa da safe sau biyu a mako. In darɓa ta taru a kan toho, a murje ta da yatsa, ko a daka ƙwallon dalbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Gindi guda bai kai a sayo masa maganin feshi na gona ba, balle a tsakar gida inda yara da kaji ke yawo.

ABIN DA ZA A SAMU

Ya kamata a faɗa wa 'yan kasuwa gaskiya, kada wani ya ji tsadar man wardi ya soma lissafin arziki. Kafin a sami kilo guda na man, sai an dafa fallayen fure tan 3 zuwa 4. Wannan aikin manyan gonaki ne a ƙasashen da Allah ya ba yanayinsa. In akwai ciniki a nan, to na dashe ne: yaron da ya iya sa reshe ya yi saiwa, ya kuma riƙe amana ya sayar da mai ƙanshi wanda ya saba da garin, ba zai rasa masu saye ba.

Amfanin mai gida kuwa ƙarami ne amma na kullum. A tsinki furen da sassafe kafin rana ta yi zafi, lokacin ne ƙanshinsa ya fi ƙarfi. A shanya fallayen a inuwa bisa faifai, a sa a adaka tsakanin tufafi, ko a jefa kaɗan a shayi. Uwargida tana iya yin ruwan wardi da tukunyarta: ta zuba fallaye da ruwa kaɗan, ta girka ƙaramin kwano a tsakiya bisa dutse, ta kifa murfi a birkice ta zuba ruwan sanyi a kansa, ta sa wuta kaɗan. Tururin da ya taru a murfin zai riƙa ɗiga cikin kwanon. Amma a kiyaye, wannan sai da furen gida wanda ba a fesa wa magani ba. Furen kanti na ado ba a sa shi a abinci.

Saboda haka duk wanda ke da niyya, ya fara da shinge, ya dubi inda ruwan alwalarsa ke bi, sa'an nan ya bi hancinsa zuwa gidan da ke da tsohon gindi ya yi sallama. Wanda kuma Allah ya ba shi gindin, kada ya yi rowar reshe, gama yankan ba ya rage shi, toho ya ke ƙara masa. Gindi guda dai, ba goma ba. In ya ci bazara ɗaya lafiya, a ƙara na biyu.